Zaɓen Irin da Ba Mu Yi Niyya Ba

Duk wanda ya tashi a fadamar Wurno ya san yadda ake fitar da irin albasa. Idan an cire ta an shanya, manomi ba ya kai ta kasuwa duka. Yakan tsuguna gaban tsibin yana ɗaga ta ɗaya bayan ɗaya, yana latsa wuyanta, yana duba ɓawonta. Mai jan ɓawo, mai siririn wuya, mai tauri a hannu, ita yake warewa gefe. Ta shiga rudu, ta sha zafin bazara da laimar damina. Wasu su ruɓe, wasu su yi tsiro tun lokaci bai yi ba. Wadda ta kai ƙarshen damina lafiya ita ake dasawa, ta yi fure, ta ba da iri. Ba a makaranta iyayenmu suka koyi wannan ba. Sun dai lura cewa abin da ya jure shi ke haifar mai juriya, kuma shekara da shekaru suna yin haka har albasar ƙasar Sakkwato ta yi suna wajen jure ajiya.

Ban taɓa tunanin wannan hikima tana da wata fuska ba sai wata ranar Fabrairu, da na tarar da kawuna a bakin gonarsa da famfon feshi a baya, fuska a murtuke. Ganyen albasar ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, bakinsa ya fara bushewa.

Na ce, “Kawu, sannu da aiki. Yaya gonar?”

Ya ce, “Ɗana, wanga magani na yanzu ruwa na. Da can murhi guda nika zubawa, ƙwaro shi kwanta. Yanzu murhi ukku, kamar ina yi musu wanka.”

Kwalabe uku ne a gindin kunya, na sati uku da ya yi yana feshi. Sunansu daban, launinsu daban, kuɗinsu ma daban. Amma da na duba ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin babban sunan, sai na ga ɗaya saifametirin ne, ɗaya lamda, ɗaya deltametirin. ’Yan gida ɗaya ne, dangin fairitiroyid, kuma duk wuri guda suke kamawa a jijiyar ƙwaro. Wanda ya iya karatun boko zai gane su cikin sauƙi, domin a jikin kwalba sunayensu da haruffan “thrin” suke ƙarewa. Kawu yana ganin ya canza magani sau uku, alhali riga kawai maganin ya canza.

Ba zan ƙaryata masu cewa akwai jabu ba, akwai shi. Akwai wanda ya kwana wata da watanni a rana a kan teburin kasuwa, akwai wanda wa’adinsa ya wuce, akwai wanda aka dama da ruwan laka. Amma ko sahihin magani ne, akwai abin da yake faruwa a gona wanda ya fi jabu muni, domin jabu ana iya canza shago a rabu da shi.

Ƙwaron da ke faranta ganyen albasa ɗan mitsitsi ne, bai fi milimita ɗaya da ɗoriya ba. A maƙogwaron albasa yake ɓuya, inda sabbin ganye suke haɗuwa, inda feshi ba ya cika kaiwa. Cikin naman ganye yake saka ƙwai, ’ya’yan kuma a ƙasa suke kwanciya kafin su yi fiffike. Da zafi ya shigo, cikin sati biyu zuwa uku ƙwai ya zama uwa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, macen tana iya haihuwa ba tare da namiji ba, ’ya’yanta su fito sak ita. To a ce a cikin dubbai akwai ’yan ƙalilan da Allah ya halitta da jikin da wannan guba ba ta kayar da shi. Ka yi feshi, raunanan su mutu, su kuma su rage, ga gona duka tasu, ba mai yi musu kishiya. Ka sake feshi da ɗan’uwan maganin farko, ka sake tace su. Abin da kawu yake yi gaban tsibin albasa da hannunsa, shi yake yi wa ƙwari da famfonsa: yana ware masu tauri, yana ajiye su iri. An tabbatar da irin wannan taurin kai na ƙwaron albasa a jihar New York ta Amurka da ƙasar Niyu Zilan, kuma hanyar da suka bi suka kai can ita ce muke kai.

Inda labarin ya fi fitowa fili shi ne a gonakin auduga, kaɗa a bakin Sakkwatawa. A kwarin kogin Misisifi na Amurka akwai wani ƙwaro mai ruwan ƙasa-ƙasa, tsawonsa kamar milimita 6, masana suna kiransa Lygus lineolaris. Tsotso yake yi: ya soka baki a tohon furen auduga, tohon ya bushe ya faɗi, inda kuwa babu fure babu ƙwallo. A da ba shi ne babban abokin gaba ba. Feshin da ake yi wa tsutsa da wani gundan auduga yana haɗawa da shi. A 1993 wani masani na ma’aikatar gonar Amurka da ke Stoneville, Gordon Snodgrass, ya gano garken wannan ƙwaro da fairitiroyid ya daina kashewa. A 1996 aka fito da audugar Bt mai kashe tsutsa da kanta, daga baya aka kuma kawar da gundan, fili ya zama nasa. Manoma suka koma wa wani magani na wani dangi, asifet, suka dogara da shi kamar yadda suka dogara da na farko. Wajen 2005 shi ma ya fara sanyi. Akwai shekarun da wasu gonaki suka sha feshi fiye da sau 10 a damina guda saboda wannan ƙwaro kaɗai. Waɗannan fa manoma ne masu jiragen feshi, ba masu sayen murfi-murfi a kasuwar ƙauye ba, kuma ba wanda ya sayar musu da jabu.

Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana. A tsakiyar shekarun 1990 tsutsar ƙwallon auduga ta daina jin fairitiroyid a Benin da Burkina Faso da Mali da Kwaddibuwa. Daga 1998 ƙasashen suka haɗa kai, suka hana amfani da shi a feshin farkon damina, don a bar shi ya huta. Dabarar ta yi aiki. Sai dai maganin da aka sa a gurbinsa, endosalfan, ya kashe mutane da dama a arewacin Benin, kuma a 2011 duniya ta amince a daina shi. Ina kawo wannan ne saboda masu cewa a nemo “mai ƙarfi” kawai. Yaron da ke goye da famfo ba takalmi ba abin rufe hanci, shi ma jiki gare shi. Sannan a 2022 wani ɗan koren ƙwaro mai tsalle daga Indiya ya afka wa audugar yankin, magungunan da aka saba suka kasa, audugar Mali ta faɗo da kusan rabi. Mu nan kuwa ba mu manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar tumatir da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin Kano da Kaduna, ana feshi tana cikin ganye abinta.

Abin da ya ja hankalina a labarin Misisifi shi ne yadda suka fara samun sauƙi, domin rabinsa ba a kwalba yake ba. Sun koma shuka da wuri, da iri mai saurin nuna, don auduga ta ɗaure ƙwallo kafin garken ƙwarin ya cika. Sun rage takin zamani mai sa ganye ya yi lub-lub. Tun kafin shuka suna kashe ciyayin gefen gona, saboda ƙwaron yana rayuwa a kan tsirrai sama da 300, daga ciyawa ya koma masara, daga masara ya faɗa auduga. Uwa uba, sun koma ƙirga. Mutum ya shimfiɗa baƙin ƙyalle tsakanin kunya biyu, ya kaɗa auduga a kai, ya ƙirga abin da ya zubo. In bai kai adadin da aka yanke ba, ba a feshi. In za a yi kuma, ana juya dangin magani, wanda aka yi yau ba shi za a maimaita ba. Don haka ne ake ba kowane dangi lamba: 3A na fairitiroyid, 1B na su asifet, 4A, 5, 28, da sauransu, kuma wasu kamfanoni suna buga lambar a jikin kwalba.

Ba abin da ya fi ƙarfinmu a ciki. Binciken da malaman Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo suka yi a Sakkwato ya nuna albasar da aka dasa da wuri, cikin sanyi, ta fi yin kyau, domin ƙwarin sai zafi ya kunno kai suke yawa. Tsofaffi sun san haka tun da daɗewa. Abin da ya canza shi ne ruwa. Madatsar Goronyo, da aka gama a 1984 aka buɗe a 1992, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, kuma albarkarta ba ta ƙirguwa: shinkafa, alkama, albasa, tafarnuwa, tumatir. Amma kwarin Rima da ba ya bushewa ya zama gada ga ƙwari. Wannan ya dasa a Nuwamba, maƙwabcinsa a Janairu, na gaba a Fabrairu. Mai tsohuwar albasa yana cirewa, ƙwarinsa suna ƙaura zuwa sabuwar da ke kusa. Ƙwaro bai san iyakar gona ba, saboda haka wanda ya kiyaye shi kaɗai, irin da maƙwabcinsa ya zaɓa zai gada. Wannan magana ce ta ƙungiyar manoma da sarkin noma da malamin gona, daga Goronyo har Wurno har Rabah: a daidaita lokacin dashe, a kuma yarda a kan dangin maganin da za a bari ya huta a kowane zango.

Akwai wani abu da ke ƙara tayar mini da hankali. Maganin da ke jikin gidan sauron da ’ya’yanmu suke kwana ciki, shi ma fairitiroyid ne. Sauro kuwa a kududdufan fadama yake hayayyafa, inda ragowar feshinmu take gangarawa, kuma an daɗe da tabbatar da cewa sauron arewacin Najeriya ya fara ƙin jin wannan dangi.

Ranar nan ban yi wa kawu dogon bayani ba. Na jera masa kwalaben uku, na nuna masa wutsiyar sunayen da yatsa, na ce, “Kawu, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.” Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya sauke famfon, ya tsuguna, ya buɗa maƙogwaron wata albasa da babban yatsa kamar yadda yake yi in yana zaɓen iri. Suna nan a ciki, rawaya-rawaya, suna ta kai-komo a kan ganyen da bai gama bushewa daga feshi ba. Ya kira ƙaramin ɗansa mai kaifin ido ya ce ya zo ya ƙirga masa, shi kuma ya matsa kunya ta gaba ya buɗa wata.