GASAR KARTA TA INTANET: SHIN GWANINTA TANA HALATTA CACA?

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai shimfiɗa arziki ga wanda Ya so, Mai ƙuntata shi ga wanda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, wani saurayi mai karatun zamani ya tsayar da mu a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i, ya yi mana tambaya wadda ta cancanci amsa mai tsawo. Ya ce: "Malam, Allah gafarta, na san tambola caca ce, domin ƙuri'a ce zalla. Amma kartar da ake kira poker, wadda ake gasarta a intanet, lissafi ce da haƙuri da karanta halin abokin wasa. Yau a samu, gobe a rasa, kamar yadda ɗan kasuwa yake samu yana rasawa. To, mene ne bambancinta da fatauci?" Ba mu raina wannan tambaya ba, domin akwai gaskiya a cikin rabinta, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya tsagwaronta saurin kama zuciya.

Yadda gasar take

Kowane mai shiga yana biyan kuɗi iri ɗaya, a ba shi ƙwayoyin wasa daidai da na kowa. Ana wasa, kuɗin tilas da ake zubawa a kowane zagaye yana ta hauhawa da tafiyar lokaci, har ya zama ba mai iya zama yana jira. Wanda ƙwayoyinsa suka ƙare ya fita. Haka za a yi ta yi har mutum guda ya tattare kome. Bisa al'ada, waɗanda ke samun wani abu ba su wuce goma zuwa goma sha biyar cikin ɗari ba, kuma mafi tsokar rabon yana ga ƴan ƙalilan da suka kai teburin ƙarshe.

Mu buga misali da kuɗinmu. A ce mutum dubu suka shiga, kowa ya ba da jikka goma sha ɗaya: goma ta shiga tukunya, ɗaya ta zama la'adar masu gidan. Mutum 850 za su tashi hannu rabbana. Masu gidan kuwa sun riga sun kwashi miliyan guda tun kafin a raba kati, ko wa ya ci, ko wa ya faɗi. A dubi wannan taro da kyau: an shiga da miliyan goma sha ɗaya, an raba miliyan goma. Ba a noma ko zangarniya ɗaya ba, ba a ɗinka riga ba, ba a kai kaya daga wannan gari zuwa wancan ba.

Hawa da gangara

An fara wannan wasa da kuɗi a intanet a shekarar 1998. A 2003 wani akawu ɗan Amurka, Chris Moneymaker, ya shiga wata ƙaramar gasa ta intanet da dalar Amurka 86, ya ci kujerar babbar gasar duniya ta birnin Las Vegas, wadda kuɗin shigarta dala dubu goma ne, ya kuma cinye ta, ya tashi da dala miliyan biyu da rabi. A wannan shekara mutum 839 suka shiga. Da labarinsa ya bazu, a 2006 sai da suka kai 8,773. Duniya ta riƙe sunan mutum guda. Dubban da suka bi sawunsa suka zubar da dukiyarsu, ba wanda ya rubuta sunayensu.

Ga kuma ɗaya fuskar. Stu Ungar, wanda masana wasan suke ƙirgawa cikin gwanayen da ba a taɓa yin irinsu ba, ya ci wannan babbar gasa sau uku: 1980, 1981 da 1997. A ta ƙarshen ladar dala miliyan guda ce. A watan Nuwamba na 1998 aka tsinci gawarsa a wani ɗakin haya mai araha a Las Vegas, yana da shekara 45, caca da miyagun ƙwayoyi sun cinye duk abin da ya tara. In da gwaninta tana tsare mai ita, da ta tsare wannan.

Dalilin wannan hawa da gangara yana cikin lissafin wasan kansa. Wanda aka ba kati biyu mafiya ƙarfi, ya kara da mai biyu da ba su kai nasa ba, yakan yi nasara wajen sau huɗu cikin biyar. Amma gasa doguwa ce. In ya zuba duk abin da yake da shi a irin wannan karo sau biyar a jere, damarsa ta tsira ba ta wuce kusan ɗaya cikin uku ba, alhali bai yi kuskure ko ɗaya ba. Saboda haka gwani yakan yi watanni yana faɗuwa, wawa kuma ya ci a dare guda. Idan ya ci sai ya ce iyawarsa ce. Idan ya faɗi sai ya ce rashin sa'a ne, gobe za ta gyaru. Ta kowace ƙofa aka fito, shawarar zuciya ɗaya ce: a koma.

Ina bambancin da fatauci?

Mun yarda akwai gwaninta a cikin wasan, mun kuma yarda akwai ƴan kaɗan da ke cin abinci da shi. Amma mu tambaya: daga aljihun wa? Su da kansu suna kiran maras iyawa "kifi", suna neman teburin da kifaye suka yi yawa. Ashe gwanintar ita ce sanin wanda ya fi ka rauni, da ɓoye abin da ke hannunka, da sa ɗan'uwanka ya gaskata abin da ba haka yake ba. Ranar da raunana suka daina zuwa, sana'ar ta mutu.

Manomi ma yana cikin kasada. Yana zuba iri a ƙasa bai san yadda damina za ta kasance ba. Mai kai albasa daga Galmi zuwa bakin teku bai san farashin da zai tarar ba. Sai dai kasadar nan tasu rakiya take yi wa wani aiki mai amfani. In manomi ya samu, gari ya ƙoshi. In ciniki ya faɗa, mai saye ya tafi da kaya, mai sayarwa ya tafi da kuɗi, kowa yana sa wa ɗan'uwansa albarka. A teburin caca kuwa kasadar ita ce hajar, ba wata haja bayanta, kuma ba yadda za a yi ɗaya ya yi dariya sai ɗaya ya yi kuka. Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira ƙimar: kowa ya sa nasa, a rataya shi ga abin da ba a san ƙarshensa ba, wanda ya rinjaya ya kwashe.

Larabawan jahiliyya suna yin maisir da kibau goma a kan naman raƙumi: bakwai masu rabo, uku ba su da kome, waɗanda suka faɗi su biya kuɗin raƙumin. Sau da yawa ma talakawa ake ba naman. Duk da haka aya ta 219 a Suratul Baƙara, bayan ta tabbatar da cewa akwai wasu amfanoni a ciki, ta bayyana cewa zunubin ya rinjayi amfanin. Daga baya aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida suka yanke hukunci, suka kuma ambaci illa: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da kangewa daga ambaton Allah da salla. Shari'a ba ta ƙi gasa ba, domin ta yarda da lada a tseren dawaki da raƙuma da harbi, kamar yadda mai Risala ya kawo tare da sharuɗɗansa. Abin da ta ƙi shi ne cin dukiyar mutane ba da wani musaya ba.

Abin da intanet ta ƙara

Gidan caca na da yana da ƙofa, mai shiga yana jin kunyar idon mutane, kuma dare yana rabawa. Na yanzu yana cikin salula, a ƙarƙashin matashin kai, ba ya rufewa. Mutum ɗaya yana iya zama a tebur da yawa lokaci guda. Babbar gasa tana cin awoyi masu yawa, hutunta ƴan mintoci ne a kowace awa, kuma wanda ya tashi ana ci gaba da zaftare ƙwayoyinsa. To, ladan ya kira salla, ga kuɗi a tebur: wanne za a bari?

Sa'an nan mai wasa bai ga wanda ya ba amanar kuɗinsa ba. A 2007 da 2008 an gano cewa a dandalin Absolute Poker da na UltimateBet wasu na cikin gida suna ganin katin abokan wasansu. Ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka rufe wa manyan dandali uku ƙofa a ƙasarsu, sai ta bayyana cewa ƴan wasa suna bin Full Tilt Poker kimanin dala miliyan 390, alhali abin da ke ajiye bai wuce kimanin miliyan 60 ba. A 2019 kuma wata na'ura mai suna Pluribus ta doke ƙwararru a tebur na mutum shida. Mai alfahari da karanta halin abokin wasa, ya tabbata mutum ne a ɗaya gefen?

Nasiha

Amsarmu ga wannan saurayi, da duk mai irin tambayarsa, ita ce: gwaninta tana zaɓen wanda zai ci, amma ba ta canza abin da ake ci. Kaifin lissafin nan da haƙurin nan baiwa ce daga Allah, kuma za a tambaye ka inda ka kashe ta. Kasuwa tana bukatarta, makaranta tana bukatarta. Garin neman gira kada a rasa ido.

Wanda ya riga ya faɗa ciki, kada ya ce sai ya mayar da abin da ya rasa sa'an nan ya bari, domin wannan ita ce igiyar da ta fi ɗaure mutane. Abin da ya tafi ya tafi. Ya goge abin daga wayarsa, ya gaya wa wani babba da ya amince da shi, ya damƙa masa riƙon kuɗinsa na ɗan lokaci. Likitocin duniya sun sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, saboda haka iyaye da maƙwabta su haɗa tsawatarwa da jan hannu, kada su tozarta mai neman fita. Ƙofar tuba a buɗe take.

Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa ga barin haram ɗinSa, Ya sa albarka cikin guminmu, Ya shiryi zuriyarmu. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.