Kwanciya ba faɗuwa ba ce

A farkon shekarun 1990, lokacin da nake ɗan makaranta a Madawa, akwai wani gida a bayan kasuwa wanda aka kewaye da zana, aka jera bencina, aka ɗora akwatin talabijin bisa tebur. Da an sallame magariba sai a tayar da injin wuta, yaro ya miƙa dala biyar a bakin ƙofa ya shige. Kaset-kaset ɗin daga Najeriya suke shigowa ta Ƙonni, wasu kuma cikin kayan ƴan cin rani da suka komo daga Abijan ko Legas. Ana nuna fina-finan Indiya da na Sin, amma daren da aka ce za a sa kokowar Amurka, wadda masu jin Faransanci ke kira kac, wurin zama ba ya isa.

Wata ranar kasuwa kawuna ya zo daga ƙauyensu na ƙasar Buza, dare ya yi masa, ya kwana a gidanmu. Tsohon ɗan kokowa ne, wanda a ƙuruciyarsa ya zaga dandalin ƙauyukan Majiya har cikin duwatsun Keita, duk kaka in an ɗaure damman hatsi. Na matsa masa sai ya je ya ga ƙattin Amurka. Aka yi dace kaset ɗin daren na karon Hulk Hogan ne da André, ƙaton nan haifaffen Faransa, wanda aka yi a shekarar 1987 a bikin WrestleMania na uku. Da Hogan ya ɗaga ƙaton ya maka shi da ƙasa, gidan ya kaure da ihu. Kawu bai ko motsa ba. Sai a hanyar komawa gida ya ce mini: “Ɗana, wannan ƙaton bai faɗi ba, kwanciya ya yi. Ba ka ga inda ya dafa ba? Wanda ba ya son a ɗauke shi ba ya dafa wa mai ɗaukarsa.” Na yi fushi ƙwarai a daren, kamar an ce mini abokina ɓarawo ne.

Gaskiyar kawu ce, kuma masu abin da kansu ba su musa ba. A shekarar 1989 kamfanin WWF, wanda ya shirya wancan karon, ya shaida wa majalisar dokokin jihar New Jersey cewa abin da yake nunawa nishaɗi ne, ba gasa ba, domin ya kuɓuta daga dokoki da kuɗaɗen da ake ɗora wa wasannin gasa. Tun kafin a shiga fage an san mai kayarwa da wanda za a kayar. To, tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya ita ce: shin ƙarya aka yi mana a gidan zanan nan? In kuwa ƙarya ce, me ya sa har gobe mutane da hankalinsu suke biya a yi musu ita?

Sai mu fara da yi wa kac adalci. Ƙarya ba ta cika sai da mutum biyu, mai yin ta da wanda aka rufe wa ido. Mai tatsuniya yakan ce gizo ya hau kura ya yi sukuwa, babu kuma mai kiransa maƙaryaci, domin tun daga buɗe baki shi da masu sauraro sun yi yarjejeniya cewa an shiga wata duniya dabam. Marubucin Faransa Roland Barthes, a littafinsa Mythologies na 1957, ya yi wa kac irin wannan fassara. A ganinsa ƴan kallo ba su damu da ko an shirya karon ba, domin ba sanin gwani ya kawo su ba. Sun zo ne su ga azzalumi ya yi zaluncinsa a fili, sannan su ga an rama masa a fili. Wanda ya wuni yana ganin mai ƙarfi na danne marar ƙarfi ba tare da an ce uffan ba, ba abin mamaki ba ne in ya sayi sa'a guda a wurin da mugu ke girbar abin da ya shuka.

Mu ma fagenmu bai rasa irin wannan ba. Duk wanda ya taɓa kallon kokowar gargajiya ya san ƴan cali-cali, waɗanda ke shiga fage suna kwaikwayon manyan ƴan kokowa, su yi rangaji, su yi kirari, su kama juna su zube, jama'a na dariya. Babu wanda ya taɓa kai ƙararsu cewa faɗuwarsu ta ƙarya ce. Kowa ya san matsayinsu, su ma sun san shi.

Ba za a ce kuma ƴan kac ba su biya komai ba. Labarin shiryayye ne, amma jikin da ake makawa da ƙasa jikin ɗan Adam ne. André ya yi wancan karon yana fama da ciwon baya mai tsanani, ya rasu a 1993 yana da shekara 46. A watan Mayu na 1999, a birnin Kansas City, Owen Hart ya faɗo daga rufin zauren wasa lokacin da ake sauko da shi da igiya, ya mutu, aka kuma ci gaba da wasa a daren. Wanda ya ce babu gaskiya ko kaɗan a cikin kac bai lissafa da wannan ba.

Duk da haka ina ganin kawu ya hango wani abu da Barthes bai tsaya a kansa ba. Abin dubawa shi ne darasin da kowane fage ke koya wa yaron da ke zaune bisa benci. A kac ɗin wancan zamani an raba mutane gida biyu, nagari da mugu, kuma labarin yakan ƙare da mugu a ƙasa. Yaro sai ya tashi da zaton cewa faɗuwa hukunci ce, wanda aka kayar ya cancanci a kayar da shi. A dandalin ƙauye kuwa ba haka abin yake ba. Samari biyu ne, kowa da iyayensa, kowa da makaɗinsa, babu mugu a cikinsu. Ɗaya zai faɗi, kuma mai yiwuwa shi ne ya fi ladabi, ya fi noma, ya fi jin ƙan mahaifiyarsa. Zai tashi ya kakkaɓe ƙasa, wanda ya kayar da shi ya rungume shi, baɗi su sake haɗuwa. In ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba, in ji Hausawa. Babu wanda ya fi ɗan kokowa sanin haka. Wannan darasin ya fi kusa da rayuwar mutumin Adar, wanda kan yi shuka a kan kari, ya yi noma da firi, ruwa ya ɗauke masa ana gab da fitar kai. Bai yi laifin komai ba, an dai kayar da shi bana.

Wani zai ce ai kokowar tamu ma cike take da ado da nuni: ga layu da guraye, ga kirari, ga ganguna, ga mawaƙa irin su Sagalo masu sa tsikar jiki ta tashi. Haka ne. Sai dai duk wannan yana da iyaka, iyakarsa kuwa lokacin da hannu ya kama hannu. Daga nan babu wanda ya san abin da zai faru, ko boka, ko makaɗi, ko alƙalin wasa, ko su masu karon. Wannan rashin sanin shi ne dukiyar fagen gaba ɗaya. Shi ya sa tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a shekarar 1975, zamanin Seyni Kountché, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, sunaye irin su Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa suka zauna a bakin mutane. Shi ya sa kuma in jihohi takwas suka kawo ƴan kokowarsu goma-goma, Télé Sahel na nunawa kai tsaye, sai ka ga an bar shago da teburin shayi an yi cincirindo gaban talabijin. Ba don an tabbata namu zai ci ake kallo ba. Ana kallo ne domin zai iya faɗuwa.

A nan ne amsar tambayata take. Kac bai yi mana ƙarya ba, ko kuma in ce ƙaryarsa ƙarama ce, irin wadda yaro ke girma ya fita daga cikinta kamar yadda yake fita daga tsoron dodo. Babbar ƙarya ita ce a ɗauko dabarar kac a kai ta fagen da ya yi wa mutane alkawarin gaskiya. Yau takobi na tafe da kuɗi masu yawa da kyaututtuka, kuma duk inda kuɗi ya taru, jarabar saye da sayarwa ba ta nisa. Ɗan kokowar da ya karɓi abu a ɓoye ya kwanta bai cuci abokin karonsa kaɗai ba. Ya cuci wanda ya kayar jiya, domin yanzu za a ce wannan ma saye aka yi. Ya cuci wanda zai yi kaye na gaskiya gobe, domin ba za a yarda da shi ba. Kwanciya ɗaya takan ɓata faɗuwa ɗari.

Ba fagen kokowa kaɗai ke da wannan alkawari ba. Ɗakin jarrabawa fage ne, gasar ɗaukar ma'aikata fage ce, zaman shari'ar gona tsakanin maƙwabta biyu fage ne. A kowanne an tara mutane an ce musu ba a san ƙarshe ba tukuna, kowa ya nuna abin da ya iya. In ya zamana an riga an rubuta sunan mai ci, to an mayar da jama'a ƴan kallon kac ba da saninsu ba, ba kuma da yardarsu ba. Mu a gidan zana dala biyar muka biya, muka sami abin da muka je nema. Yaron da ya kwana uku bisa hanya daga Keita don ya zauna jarrabawar da aka riga aka raba, da shekarunsa ya biya. Abin da ya fi muni, in ya gane, zai daina shiri ya koma neman wanda zai dafa masa.

Kawu ya rasu da daɗewa, Hogan ma ya mutu a 2025, gidan zanan kuwa wayar hannu ta tashe shi. Na tuna na taɓa tambayar kawu ko sau nawa aka kayar da shi. Ya lissafa mini su ɗaya bayan ɗaya, da sunan gari da sunan wanda ya yi kayen, ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Da na tambaye shi waɗanda shi ya kayar, sai ya ce in je in tambaye su, su ya kamata su riƙe wannan lissafin.