Ina Iyakar Tausayi Ga Mai Jinya?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san wannan hali. An kawo kunu, dattijo ya miƙa hannunsa mai rauni zai ɗauki ludayi, hannun yana rawa, kunun yana zuba a gaban riga. Kafin ya sake gwadawa ɗansa ya karɓe, yana cewa, "Bari, Baba, ni zan ba ka." Duk wanda ke wurin zai sa wa yaron albarka. Da kuwa ya tsaya yana kallon mahaifinsa yana fama, da kafin la'asar labarin rashin imaninsa ya zaga dangi. Tambayar da nake so mu duba ita ce: shin a cikin 'ya'yan nan biyu, wanda ya karɓi ludayi da wanda ya ƙi karɓa, wane ne ya fi kyautata wa uba?

A da amsar ba ta da wuya. Masana sun daɗe suna ganin cewa ƙwaƙwalwar baligi ta riga ta daskare, abin da ya mutu a cikinta ya tafi ke nan. Idan haka ne, babu abin da ya rage wa mai jinya sai hidima da haƙuri. Amma bincike ya rushe wannan fahimta. A shekarar 1996 Randolph Nudo da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa idan aka toshe jini ga wani ɗan yanki na ƙwaƙwalwar biri mai sarrafa hannu, aka kuma ƙyale birin, to yankin da ke maƙwabtaka da raunin ma yakan rage kula da hannun. Idan kuwa aka yi ta horar da shi yana tsamo abinci da yatsunsa, sai yankin ya riƙe aikinsa. Wato ƙwaƙwalwa tana rabon gonarta ne gwargwadon wanda ke nomawa.

Tun kafin wannan, Edward Taub ya lura da wani abin mamaki. Ya yanke jijiyoyin da ke kai ji daga hannun biri guda zuwa ƙwaƙwalwa, ya bar masu motsa hannun lafiya lau. Sai birin ya daina amfani da hannun ƙwata-ƙwata, alhali yana da ikon motsa shi. Da aka ɗaure hannu mai lafiyar na wasu kwanaki, sai ga shi yana cin abinci da wanda ya yasar. Taub ya ce abin da ya faru shi ne birin ya gwada ya kasa, ya gwada ya kasa, har ya koyi rashin gwadawa. Ashe wani ɓangare na naƙasar ba rauni ne ya kawo shi ba, darasi ne da aka koya, kuma abin da aka koya ana iya warware shi.

Daga nan aka gwada dabarar a kan mutane. A binciken da aka kira EXCITE, wanda aka buga sakamakonsa a 2006, an ɗauki mutum 222 da suka yi wata uku zuwa tara da kamuwa da ciwon. Wasu aka sanya wa hannunsu mai lafiya safa mai kauri a mafi yawan lokacin da suke farke, har tsawon mako biyu, ana sa su aiki da hannu mai rauni kusan awa shida a ranakun horo. Bayan shekara guda sun fi sauran iya sarrafa hannun. A lura, waɗanda aka zaɓa duk suna da ɗan motsi a wuyan hannu da yatsu tun farko. Ba kowane majinyaci ne dabarar ta dace da shi ba.

To, a nan ne lissafin yaron mai ludayi ya rikice. Ɗaure wa majinyaci hannunsa ɗaya tilo da ke masa amfani, a ido zalunci ne. Ciyar da shi a baki, a ido jinƙai ne. Amma ina ganin sau da yawa ba wahalar uban muke gudu ba, tamu muke gudu. Kallon wanda ya goya mu yana zubar da kunu kamar yaro abu ne mai ɗaci, ga kuma bakin mutane. Sai mu karɓi ludayin domin zuciyarmu ta huta, mu sanya wa abin suna biyayya. Ban ce babu ƙauna a ciki ba, akwai ta. Sai dai ƙaunar ta gauraya da son kai, kuma hannun Baba ne ke biyan kuɗin.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka cewa matsa wa majinyaci shi ne magani a kowane hali. Wani babban bincike mai suna AVERT, wanda Julie Bernhardt ta jagoranta daga Ostireliya aka buga a 2015, ya duba mutum fiye da 2,000. An gano cewa waɗanda aka yawaita tayar da su daga gado tun cikin awa 24 na farko ba su kai sauran samun sauƙi ba bayan wata uku. Garin gyaran gira ana iya rasa ido. Shi kansa Taub bai tsira daga tuhuma ba: a 1981 'yan sanda sun kwashe birai 17 daga ɗakin bincikensa a Silver Spring bisa zargin azabtar da dabbobi, kotu ta same shi da laifi, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Duk wanda hannunsa ya farfaɗo ta wannan hanya, akwai bashin biran nan a kansa.

Bambancin biri da dattijo shi ne, ba wanda ya nemi yardar birin. Dattijon kuwa ana iya tambayarsa, ko da harshensa ya yi nauyi sai da kai zai amsa. Wani zai ce a bar masa ludayinsa ko zai kwana yana sha. Wani zai ce ya gaji, shekarunsa tamanin, a ba shi a baki ya huta. Na ga 'ya'ya suna gardama a kan gadon mahaifinsu, wannan na cewa a bar shi ya motsa, wancan na cewa a tausaya masa, shi kuwa yana kwance a tsakiyarsu yana bin kowa da ido, kwanon kunun yana hucewa a gefe.