Allurar Sinawa da Tambayar Sababi

A watan Yulin 1971, ɗan jaridar New York Times, James Reston, yana birnin Beijin ciwon afendis ya kada shi. An yi masa tiyata irin ta asibiti, amma da ciki ya riƙa murɗa masa bayan aikin, sai wani likita ya tsira masa siraran allurai a gwiwar hannu da ƙasan gwiwoyin ƙafa. Ya ce ya ji sauƙi, ya kuma rubuta labarin a jaridarsa. Daga nan Amurkawa suka yi caa a kan wannan jinya.

Sai dai allurar ba ita kaɗai take tafe ba, tana da bayaninta. Tsohon littafin likitancin Sin, Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2,000, ya tafi a kan cewa akwai wani ƙarfin rai da ake kira "chi", mai gudana ta manyan hanyoyi 12 a jikin mutum. In ya toshe, ko ma'aunin "yin" da "yang" ya karkace, ciwo ya samu. Allura kuwa buɗe hanyar take yi. A nan mai imani ke tsayawa. Wanda ya miƙa bayansa aka tsira masa allura, ya karɓi aƙidar da ke bayanta ke nan?

Tambayar ba baƙuwa ba ce. Ibnu Sina ya gina likitancinsa a kan ra'ayin Jalinusu, Bagirken da bai san Musulunci ba, cewa ruwaye huɗu ke riƙe da lafiyar jiki. Ra'ayin ya daɗe da faɗuwa, amma ba a taɓa cewa marasa lafiyar Ibnu Sina sun bar addini ba. Abin da malamai suka fi tsanantawa shi ne sababi: kafin a ce abu magani ne, sai ya tabbata ta nassi ko ta jarrabawa, don jingina waraka ga abin da ba ya warkarwa ƙofar camfi ce. Wanzamin da ke kafa ƙaho zai ce mataccen jini yake fitarwa, kuma ba a tambayarsa hujjar wannan magana, abin da ake tambaya shi ne ko bayan ya saki.

To, Jamusawa sun yi jarrabawar. A binciken GERAC da aka wallafa a 2007, an raba mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya gida uku. Kashin farko aka tsira musu allura a daidai wuraren da taswirar Sinawa ta nuna. Na biyu aka tsira musu sama-sama a wuraren da ba sa cikin taswirar, ba tare da sun sani ba. Na uku aka ba su magunguna da gashin jiki da motsa jiki kamar yadda aka saba. Bayan wata shida, kusan kashi 48 cikin ɗari na kashin farko sun samu sauƙi, na biyu kashi 44, na uku kashi 27 kacal.

Wannan sakamako bai yi wa kowa daɗi ba. Mai kare "chi" ya ga an tsira allura a inda bai dace ba kuma ta yi aiki kusan daidai, taswirarsa ta zama ado. Mai cewa duk yaudara ce shi ma ya ga allurar bogi ta doke ƙwayoyin asibiti. Abin da ya fi kama hankali shi ne akwai wani amfani a taɓa jiki, da zaman rabin sa'a gaban mai kula da kai, da kyautata zaton samun sauƙi, ko da bayanin da aka rataya masa bai tsaya da ƙafarsa ba. Ko kyakkyawan zato shi kansa sababi ne? Wannan kam aiki ne ga malamai da likitoci baki ɗaya. Inshorar lafiyar Jamus dai ba ta jira amsa ba, ta amince da biyan kuɗin allurar ga ciwon baya da na gwiwa.

Tu Youyou, wata mai bincike 'yar ƙasar Sin, ta nuna yadda ake raba tsaki da tsakuwa. Tana neman maganin zazzaɓin cizon sauro, ta ga Ge Hong, masanin ƙarni na 4, ya ce a jiƙa ganyen "qinghao", ɗan uwan tazargade, a matse ruwansa a sha. Ta lura bai ce a dafa ba. A 1971 ta tace ganyen ba tare da zafi mai yawa ba, aka kai ga atemisinin, ginshiƙin maganin maleriya da ake ba yara yau a Kano da Maraɗi. Ganyen ta ɗauka, ta bar falsafar inda ta same ta, kuma a 2015 ta karɓi lambar Nobel.

Jarrabawar nan kuma ba sani ba sabo take yi. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba da ke Brasels, an haɗa wa mata magani da wani tsiron Sin mai suna Aristolochia bisa kuskuren suna. Fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai da wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya aka same su da kansar hanyar fitsari.