Alherin da yaro ke bari bayan rasuwarsa

A Aziziyya, unguwar Makka da ke tsakanin Harami da Mina, ruwan sadaka ba ya yankewa a lokacin aikin Hajji. Akwai na'urorin sanyaya ruwa a ƙofofin gidaje da masallatai, akwai kuma masu miƙa wa alhazan da suka dawo daga jifa gorunan ruwa kyauta. Sau da yawa sadakar ta wani mamaci ce, wani lokacin ma yaro ne da bai kai ga balaga ba. A nan tambaya ke tasowa: wanda bai yi tsawon rai ba, bai tara dukiya ba, bai bar zuriya ba, wane alheri za a ce ya bari?

Malaman fiƙihu sun fara da aikin yaron kansa. Ba a rubuta masa zunubi kafin ya balaga, amma mafi yawansu sun tafi a kan cewa ana rubuta masa ladan kyakkyawan aiki. Hujjarsu ita ce hadisin da Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas, inda wata mata ta ɗaga ɗanta a Rauha'u ta tambaya ko yana da Hajji, Annabi (SAW) ya tabbatar mata, ya kuma ce ita ma tana da lada. Hajjin bai ɗauke masa na farilla ba, amma bai faɗi ƙasa banza ba. Haka lomar da yaro ya raba da almajiri, ko hannun makaho da ya kama ya tsallakar da shi titi. Littafinsa bai da kauri, sai dai babu baƙi a cikinsa.

Shi ya sa addu'ar jana'izarsa ta bambanta da ta babba. A Risala, Ibn Abi Zaid ya ware mata babi, kuma nauyinta yana kan iyaye: a sa yaron ya zama ajiya gare su, ya riga su isa ya jira su. Bahaushe ya taƙaita wannan a gaisuwar ta'aziyya, inda yake cewa Allah ya sa mai ceto ne.

Makka ta san wannan tambaya tun farkon Musulunci. Ƙasim da Abdullahi, 'ya'yan Annabi da Nana Khadija, a nan suka rasu suna ƙanana. Masu tafsiri da dama sun ce da Asi ɗan Wa'il ya yi gorin cewa bayan Annabi ya yanke, sai Suratul Kausar ta sauka ta mayar masa da gorin. Ma'aunin Ƙuraishawa shi ne yawan 'ya'ya maza da suka girma, kuma wannan ma'aunin ne surar ta rushe.

Misali mafi ƙarfi shi ne Ibrahim, ɗan Annabi da Mariya Baƙibɗiya. An haife shi a shekara ta 8 bayan Hijira, ya rasu a Madina a ta 10, bai cika shekara biyu ba. Ranar rasuwarsa rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda shi ne, mahaifinsa ya gyara musu cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. A kansa ne al'umma ta koyi cewa hawayen uba ba ya saɓa wa haƙuri. Annabi ya kuma yi wasiyya da a kyautata wa mutanen Masar saboda zumunta da surukuta, malamai suka fassara surukutar da mahaifiyar Ibrahim, wadda 'yar Masar ce. Jaririn da bai iya magana ba ya zama ɗaya daga cikin dalilan tausasa wa ƙasa guda.

Sadakar da iyaye ke yi da sunan yaro tana kan wannan hanya. Ba kankarar zunubi ba ce, tunda ba shi da shi. Ƙarin daraja ce gare shi da lada gare su, kuma ita ce ke mayar da baƙin cikinsu abin da wani zai amfana da shi. Wasu daga cikinsu ruwa suke zaɓa, bisa ruwayar da ta ce shi Annabi ya nuna wa Sa'ad ɗan Ubada lokacin da ya nemi yi wa mahaifiyarsa sadaka.