Allo, Kwamfuta da Alhakin Malami

Tambayar da ake yawan tafka muhawara a kanta a tarurrukan malaman sakandare ita ce, shin ya dace a shigo da kwamfuta da majigi da wayar hannu cikin aji ko bai dace ba? A ganina wannan tambaya ta tsufa, domin kuwa na'urorin ba su jira an yi musu iso ba, suna cikin aljihun ɗalibai tun kafin a zauna taron. Wadda ta rage, wadda kuma ta fi nauyi, ita ce ta alhaki. Idan na'ura ta shiga tsakanin malami da ɗalibi, wane ɓangare na aikin malami za ta iya ɗauka, wanne ne kuma zai ci gaba da rataya a wuyansa ko da ya so ya sauke?

Ɗari-ɗari da sabon kayan karatu ba yau ya fara ba. A littafinsa mai suna Phaedrus, Aflatun ya kawo malaminsa Sukurat yana nuna shakku a kan rubutu shi kansa, wai zai raunana hadda, ya samar da masu kamannin sani alhali ba su da shi. Har ila yau ya yi ƙorafin cewa rubutu ba ya amsa tambaya, abin da ya faɗa jiya shi zai maimaita gobe. Abin mamaki, da Aflatun bai rubuta wannan ƙorafi ba, da ba mu ji shi ba.

Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san yadda magabatanmu suka warware wannan matsala. Allo ma kayan fasaha ne, haka alƙalami da tawada. Amma mai karatu ya lura da ƙa'idar aiki da shi: a rubuta, almajiri ya yi ta nanatawa, ya zo gaban malam ya biya, sai malam ya gamsu sannan ya ce a wanke. Wato an yi allo ne domin a rabu da abin da ke kansa bayan ya koma ƙirji. Daga nan nake ɗauko ma'aunin da nake auna kowace na'urar koyarwa da shi: idan aka ɗauke wuta, ko caji ya ƙare, me ya rage a kan ɗalibin?

Akwai na'urorin da suke cin wannan jarrabawa cikin sauƙi. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, malamin kimiyya ya nuna wa yara hoton bidiyo na yadda zuciya take harba jini, ai gani ya kori ji. A fagenmu na adabi kuwa abin ya fi fitowa fili. Waƙar Narambaɗa ko ta Shata a kan takarda rabin waƙa ce, babu kiɗa, babu amshi, babu inda murya ta hau ko ta sauka. Malamin da ya kunna wa ɗalibai ita da 'yar wayarsa, sannan ya tsaya ya warware musu zambo da habaici da kirarin da ke ciki, ya ba su abin da allon bango da alli ba za su taɓa bayarwa ba, kuma abin zai zauna.

Sai dai tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da aka fito da ChatGPT, wani sabon al'amari ya kunno kai. Yanzu ga rubutu mai amsa tambaya, abin da Sukurat ya ce babu. Ɗalibi zai nemi insha'i a kan illar shaye-shaye, kafin ya gyara zama an miƙo masa, sumul, babu kuskuren nahawu. Ya kwafe, ya kai, malam ya ba shi maki. An samu insha'i, amma ba a samu mai yin insha'i ba, alhali kuwa saboda shi aka ba da aikin. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Kuma kada mu ɗora wa yara laifin duka, domin akwai malaman da su ma daga can suke ɗebo darasin gobe, su zube wa aji ba tare da sun tace ba. Ita wannan na'ura tana iya shirya magana mai daɗin ji wadda ba gaskiya ba ce, ta faɗe ta da ƙarfin gwiwa irin na mai gaskiya. Ba ta jin kunya in an kama ta, domin ba ta da fuskar da za ta sunkuyar.

Abin da ya faru a 2025 ya ishe mu misali. Hukumar JAMB, wadda ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015, ta gano cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas. A watan Mayu shugabanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya ɗauki alhakin, har da hawaye, aka kuma sake musu jarrabawa. Ko me mutum zai ce game da lamarin, ba kwamfuta aka kira ta yi bayani ba. Haka abin yake a cikin aji. Uban da ya kai ɗansa makaranta, mutum ya danƙa wa amana, kuma mutum zai tuhuma.

Akwai kuma maganar adalci, wadda zan taɓa a taƙaice. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, 'ya'yan masu hali sun ci gaba da karatu ta intanet, na talakawa kuwa wanda ya samu darasin rediyo ya gode Allah. Malamin da ya ba da aikin gida da ba ya yiwuwa sai da babbar waya, ya raba ajinsa biyu ke nan tun kafin ya ɗauki jan biro.

Ban ga hanyar da ta wuce a dawo da biya ba. Ɗalibi ya kawo insha'insa daga duk inda ya samo, amma ya miƙe tsaye ya bayyana me yake nufi da sakin layi na uku, me ya sa ya zaɓi wannan kalma ya bar waccan. Cikin minti biyu malam zai san ko nasa ne. Na san za a ce, a ajin da ke da yara tamanin ina lokaci? Gaskiya ne, kuma a nan ne na fi son ganin an sa na'ura aiki: ta riƙe rajista, ta haɗa maki, ta duba tambayoyin zaɓi-ɗaya, ta cire wa malam wahalar cike takardun sakamako a ƙarshen zango, domin sa'o'in da ya samu ya kashe su yana sauraron yaran ɗaya bayan ɗaya.