Ina Iyakar Ikon Maigida?

A ƙasar Amurka akwai wata tsohuwar ƙa'ida ta aiki. Idan ba a yi alkawarin lokaci ba, maigida yana da iko ya sallami ma'aikaci ran da ya ga dama, ma'aikaci kuma ya tafi ran da ya so. A shekara ta 1884 babbar kotun jihar Tenesi ta yarda da sallama ko babu dalili, har ma ko dalilin mugu ne.

Ga ido kamar an raba daidai, amma ba haka ba ne. Maigida ya rasa mutum ɗaya, gobe ya sami wani. Ma'aikaci kuwa, abincin 'ya'yansa ke nan ya tafi. Wanda ke riƙe da tuwon mutum yana iya neman ya riƙe lamirinsa kuma. A Kalifoniya wani ma'aikacin ƙungiyar direbobi ya kai ƙara, ya ce an umurce shi ya yi shaidar zur gaban kwamitin majalisa, ya ƙi, kashegari aka kore shi. A 1959 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ikon sallama bai kai nan ba. Dokar 1964 kuma ta hana kora saboda launin fata, ko addini, ko jinsi, ko asali. Jihar Montana ce kaɗai ta wajabta dalili mai kyau bayan lokacin gwaji, tun 1987.

Ga ɗaya gefen. Direba ya buge mutum yana cikin aikinsa, sai shari'a ta ce maigida ya biya diyya, ko da yana barci a gida sa'ad da abin ya faru. Waɗansu suna cewa zalunci ne a kama wanda bai yi laifi ba. Mu dai ba mu gani haka ba. Shi ya zaɓi direban, shi ya ba shi motar, shi ya sa masa lokaci, shi ne kuma ke cin ribar tafiyar.

Idan direban ya ratse zuwa sha'anin kansa, yawanci laifin nasa ne shi kaɗai. Amma idan maigida ya san shi mashayi ne, ya bar makulli a hannunsa fa? Dokar Musa cikin Fitowa sura 21 ta bambanta mai sa wanda bai san halin sansa ba da wanda aka faɗakar, bai kuwa tsare shi ba. Mutum ba sa ba ne, amma ma'aunin ɗaya ne. Mai ikon kora wanda ya sani, bai kuwa yi komai ba, kotunan Amurka sukan kama shi da sakaci na kansa, dabam da laifin direban.